Abin da ɗan wasa ke bari a hannun ƙungiya

Wasan kwaikwayon Hausa, musamman na dandamali da na talabijin na da, yawancinsa ba a rubuta shi kalma da kalma. Darakta zai tara mutanensa ya ce, "Kai ne maigida, an biyo ka bashi, kuɗin kuma uwargida ta zuba su a adashi ba ka sani ba. Ke kuma kada ki amsa laifi sai maƙwabci ya yi sallama." Iyakar abin da ake ba ɗan wasa ke nan. Zancen da zai fito, da karin maganar da za ta zo a kan gaɓa, da shirun da zai yi kafin ya ba da amsa, duk daga cikinsa suke. A nan ƙarfin wasanmu yake, a nan kuma asararmu take, domin ranar da aka sa mutum a makwancinsa, da shi da rubutun aka binne.

Duk wanda ya ji Hausar barikin Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya san ba abu ne da za a ɗauko a takarda ba. Tsohon soja ne, daga bakin sojoji ya kwaso ta, ya san inda ake karya harshe da inda ake daka tsawa. Ya rasu a 2023. Ƙasimu Yero ya riga shi, a 2017. Rabilu Musa Ibro kuma tun Disamban 2014. Allah ya jiƙansu da rahama. Kowannensu ya bar hotuna da muryoyi, amma yadda suke shirya fitowa, da abin da suke faɗa wa yara a wurin atisaye, wannan yana kan waɗanda suka zauna da su ne kawai, su ma kuma shekaru na tafiya.

Shi ya sa nake ganin tunawa da ɗan wasa tun yana raye ake fara ta, a cikin aikin yau da kullum.

Mafi yawan 'yan wasan dandamali suna da wata sana'a: malamin makaranta, tela, ma'aikacin gidan rediyo, ɗan kasuwa. Don haka atisaye yakan faɗo bayan La'asar, a ajin makaranta ko harabar wani gida, a tashi da kiran Magariba. Awa biyu ke nan, ko ƙasa da haka. Ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta ɓata minti goma sha biyar na farko a gaishe-gaishe, tana ba da su ga jiki da murya. A miƙe gaɓoɓi, a ja numfashi har ciki ya taso, ba kafaɗa ba, a sake shi a hankali ana ƙirga zuwa ashirin. Sai a yi gunji baki a rufe har a ji leɓe na kaɗawa, sannan a shiga karin maganar karya harshe, a fara a hankali a riƙa ƙara sauri. Amfaninsa a bayyane yake: ɗan wasan da ke haɗiye ƙ da ɗ da ts, na layin baya ba zai ji komai ba sai hayaniya.

Murya ita ce jari, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Mai ɗaga murya daga maƙogwaro yakan dushe kafin kwana na uku na wasa. Da hunturu abin ya fi muni, iska a bushe, ƙura ta cika ɗaki. Ruwan ɗumi a riƙa kurɓa tun da rana, ba a jira sai an ji ƙaiƙayi ba, kuma a yayyafa wa daɓen ruwa kafin a share. Idan murya ta riga ta dushe, magani shi ne shiru. Raɗa ba hutu ba ce, tana gajiyar da maƙogwaro ita ma.

Akwai ƙiyasin da masu shirya wasa suka daɗe suna amfani da shi: kowane minti ɗaya na wasa yana cin kusan awa ɗaya ta atisaye. Wasan minti arba'in ke nan yana neman zama ashirin na awa bibbiyu, wato sati huɗu ko biyar. Masu dogara da baiwa sukan raina wannan lissafi, sai a ga fitowar da aka shirya wa minti biyar ta kai goma sha biyu saboda mai barkwanci ya ji ana dariya ya ƙi sauka.

A nan ne littafin ƙungiya yake shigowa, kuma a kansa nake so in daɗe. Littafi ne mai kauri, mai bangon kwali, a hannun mutum ɗaya da ba ya cikin masu fitowa. Kowace fitowa tana da shafi biyu masu fuskantar juna. A na dama a rubuta waɗanda ke ciki, ta ina kowa ya shigo, me ke hannunsa, me ya sa, da jimlar ƙarshe da ke nuna wa na gaba lokacin shigowarsa ya yi. A na hagu a rubuta abin da ya fito daga bakin ɗan wasa ba shiri ya kuma zauna daidai: habaicin da ya ƙirƙira, kirarin da ya yi wa kansa, inda ya tsaya ya gyara hula kafin ya yi magana. Da fensir ake rubutu, domin gobe zai canja. A sa kwanan wata a saman kowane shafi. Yau da waya ke hannun kowa, a jingina ta a kan kujera a ɗauki atisaye na ƙarshe gaba ɗaya, ba tare da yankewa ba, daga inda ake ganin faɗin dandamali. Hoton kusa yana da daɗin kallo, amma ba ya nuna wa mai koyo inda kowa ya tsaya.

Ranar wasa kuwa abubuwan da ke lalata ta ƙanana ne. Janareta a ajiye shi nesa, bayan gini, a cika tanki kafin a buɗe ƙofa. Makirfo marar waya a sa masa sabon batir ko da na jiya bai mutu ba. Lasifika su kasance gaba da masu wasa suna fuskantar 'yan kallo, in ba haka ba ƙara za ta riƙa tsaga kunne. Hodar da aka zuba wa saurayi a gemu don ya zama dattijo, zufa na wanke ta cikin minti ashirin, sai a ajiye ta kusa da ƙofar shiga. Rawani a naɗa shi tun kafin lokaci a kafe da allura. Sai tafiya, wadda ita ce haɗarin sana'ar nan na gaske, domin lokacin bikin Sallah daga wannan gari ake zarcewa wancan. Ahmad S. Nuhu a hanya ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007, Hauwa Ali Dodo ma haka, ranar 1 ga Janairun 2010. Shugaban ƙungiyar da ya ce a kwana a tashi da safe, ko da za a biya kuɗin masauki, ya fi wanda ya ce a daure a kama hanya da dare sanin darajar mutanensa.

To, idan ta Allah ta kasance fa?

Kwana ukun farko ba na ƙungiya ba ne, na iyali ne. A je jana'iza, a zauna karɓar gaisuwa, a kai abinci, a dakatar da atisaye. Kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar gawa ko masu kuka don ya sa a Facebook ko TikTok, wannan ɗabi'a ta yi yawa kuma tana ƙona ran iyalai. Idan matar mamacin 'yar ƙungiya ce, takabarta wata huɗu da kwana goma ce, ko zuwa haihuwa in tana da juna biyu, don haka a cire ta daga jadawali ba tare da an sa ta roƙa ba, a kuma riƙe mata gurbinta.

Abu na gaba shi ne kuɗi, kuma nan ne ake yawan jin kunya a yi shiru. Sallamar da mamaci bai karɓa ba bashi ce a kan ƙungiya, ta zama dukiyar magada. A lissafa ta a rubuce, a miƙa ga wanda iyali suka wakilta a gaban shaidu biyu, kada a damƙa wa duk wanda aka fi sabawa da shi a gidan. In shi ake bi, a faɗa kafin a raba gado, ko a yafe a fili. Kayan wasa ma a tantance su: babbar rigar da ya saya da kuɗinsa ta magada ce ko da shekara goma ta yi a akwatin ƙungiya. Mai son a ajiye ta don tarihi ya nemi izini ko ya saya.

Maye gurbinsa a wasan da ke tafe shi ne aiki mafi wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemo mai kwaikwayon muryarsa. Minti biyu na farko za a yi tafi, daga nan sai kowa ya fara auna shi da marigayin, kuma ba zai taɓa cika mudun ba. Abin da ke aiki shi ne a buɗe littafin nan a ba sabon ɗan wasa ƙashin fitowar: shigarsa, fitarsa, abin da yake nema, jimlar da ake jira daga bakinsa. Naman kuma ya sa nasa. Kalmar da aka san marigayin da ita, wadda yara ke maimaitawa a titi, a bar masa abarsa. Wanda ya fi shan wahala ma ba sabon ba ne, abokin fitowar marigayin ne, wanda jikinsa ya saba da jiran wani shiru da ba zai ƙara zuwa ba. A ba su biyun zama uku ko huɗu su kaɗai kafin a haɗa su da sauran jama'a. In kuwa rawar da marigayin yake takawa a wasan an gina ta ne kacokan a kan halittar mutumin, gara a sauke ta daga wasan a sake saƙa labarin.

Sai kaset. Gidaje da yawa suna da kwali cike da kaset ɗin bidiyo a saman durowa ko ƙarƙashin gado, zafi da damina na cin su. A fito da su a duba ta tagar kaset ɗin. In an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kada a sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa na gaba, sai an kai wa mai gyara ya goge. Masu lafiya a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, nesa da bangon da rana ke duka. Juyar da su zuwa kwamfuta ba ya gaggautuwa: kaset na awa uku, awa uku zai ci, kuma sai mutum ya zauna yana kallo don zare na iya sarƙewa. A ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Faifan CD da aka ƙona a shago ba ma'ajiya ba ce, bayansa na ɓarewa. Sunan kowane fayil ya ƙunshi shekara, gari da sunayen waɗanda ke ciki, domin nan da shekara ashirin mai gane fuskokin zai yi wuyar samu.

In za a yi taron tunawa, a fara da zuwa gidan mamacin. Wasu iyalan suna so, wasu ba sa son a nuna fitowar rawa ko ta shashanci, wasu kuma addu'a kaɗai suke buƙata, kuma maganarsu ita ce ta ƙarshe. In sun yarda, awa ɗaya da rabi ta isa: addu'a, gajerun fitowa uku ko huɗu da aka zaɓa tare da su, sai abokan aikinsa biyu su yi magana. Abin da aka tara a ƙofa a ƙirga shi a gaban wakilin iyali a daren, a faɗi abin da aka kashe a haya da mai.

Masu maganar nan kuma a yi musu tambayar da za ta fito da wani abu. In aka ce wa dattijo, "Baba, wane irin mutum ne marigayi?" amsar ɗaya ce, mutumin kirki ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa. A ce masa maimakon haka, "Baba, in ya manta zance a kan dandamali, me yake yi?" ko "Wa ya koya masa wannan tafiyar?" Sai ka ga tsoho ya miƙe tsaye yana gwadawa, ya karkata hula, ya ja ƙafa. A tabbata wayar na ɗauka a lokacin, makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, fanka a kashe.