Jan L a bayan babur, da hanyoyin ƙauyen Yorkshire a Disamba

Akwai abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya a zaman Ingila. Mutum ya tashi a kan babur tun ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba, ya san kukan injin da ke neman baƙin mai, ya san cen ɗin da ya saki tun bai duba ba, ya zo nan a ce masa ɗan koyo ne. Lasisin da ka zo da shi wata 12 zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma namu ba ya cikin waɗanda ake musanyawa. Sai ka nemi na wucin gadi, ka je horon yini ɗaya da suke kira CBT, yaron da a haife ka haife shi ya jera maka robobi a fili ya ce zagaya mu gani. Takardar da zai ba ka shekara 2 take yi. Babur kada ya wuce 125cc, jan harafin L gaba da baya, ba goyo, ba hawa manyan hanyoyin nan masu shuɗin allo. Kafin ka cire harafin sai ka ci jarrabawar kwamfuta da gwajin tuƙi hawa biyu.

Hana ɗan koyo babbar hanya shi ke tura shi hanyoyin ƙauye, kuma can ne ƙasar take da kyan gani. Wanda ke zaune a Bradford ko Leeds, gandun Yorkshire Dales yana kusa da shi, wurin da gwamnati ta keɓe tun 1954. Zagayen da ƙaramin babur zai iya a yini ɗaya shi ne ka tashi daga Skipton ka bi A65 zuwa Settle, ka ɗauki B6479 har Ribblehead, inda gadar jirgin ƙasa mai baka 24 take tsaye a tsakiyar fili tun shekarun 1870. Daga nan B6255 ta kai ka Hawes, A684 ta kai ka wajen Aysgarth, ka juyo kudu ta B6160 ka ratsa Buckden da Kettlewell ka dawo Skipton. Kusan mil 80 ne. Da rani wasa ne. Da hunturu aiki ne na lissafi, musamman ga wanda zai fita shi kaɗai.

Lissafin farko na rana ne. A ƙarshen Disamba ba ta fitowa sai wajen 8:25, kuma kafin ƙarfe 4 ta faɗi. A cikin wannan ɗan lokacin ma ba duka ne naka ba. Kafin ƙarfe 10 raɓar da ta daskare cikin dare ba ta gama narkewa ba, bayan ƙarfe 3 kuma kwalta ta fara komawa gidan jiya. Awa biyar ke hannunka, har da tsayawa. Kada ka raba mil 80 da gudun da babur ke iya yi. A irin wannan hanya in ka samu mil 30 a awa ka gode Allah. Farin allon nan mai baƙin layi a karkace yana nufin doka ta yarje maka har mil 60, amma doka ba ta san akwai kwana a bayan katangar dutsen da ke gabanka ba.

Sai ƙanƙara, wadda ita ce ainihin maganar. Ba dusar da ake gani fara fat ba, wannan kowa zai gan ta ya koma gida. Mai kayar da mutum siririya ce, ta lulluɓe kwalta har ka ɗauka jiƙa ce kawai. Waya za ta ce maka digiri 4 ne a gari, ka saki jiki. To fuskar hanya takan fi iska sanyi, sannan duk hawan mita 100 yana cin fiye da rabin digiri. Tsakanin Ribblehead da Hawes hanyar ta haura mita 400, ka ga digiri biyu sun tafi kafin ka ankara. Wuraren da take kwana sanannu ne: kan gada, domin iska na bi ta ƙasa da sama, gindin itatuwa, gefen katanga inda rana ba ta leƙawa duk yini, ƙasan kwari, da inda ruwan gona ke tsallaka hanya. In ka ji shuuu ɗin da taya ke yi a jiƙaƙƙiyar kwalta ya ɗauke alhali hanyar na ƙyalli, kana kanta ke nan. Kada ka taɓa birki, kada ka saki totur gaba ɗaya a lokaci guda, kada ka kwanta. Riƙe babur a miƙe, ido can gaba, ka bar shi ya wuce da kansa. Littafin dokar hanya na ƙasar ya ce nisan tsayawa yana ninkawa biyu a ruwa, a ƙanƙara kuwa har goma. Ko baburinka na da ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, ba ya ƙirƙiro riƙon da babu.

Motocin hukuma suna watsa gishiri, amma manyan hanyoyi suke fara bi, ƙananan da yawa ba a zuwa musu sam. Shi ya sa nake cewa hawan Buttertubs, mai tsayin mita 526 daga Hawes zuwa Thwaite, wanda 'yan tseren keken Faransa suka bi a 2014, a bar shi sai Afrilu. Duk hoton da ka gani na wurin ya burge ka, yana nan ba inda zai je. Duba hasashen Met Office, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, da daddare, ka sake dubawa da safe, kuma na kan tudu za ka duba, ba na unguwarku ba. In dare ya kwana sarari ba gajimare ba iska, ka ƙara awa ɗaya kafin ka fita, ko ka haƙura.

Sanyin jiki kuwa ba maganar jarumta ba ce. Digiri 5 a gudun mil 60, jiki yana jin sa kamar digiri 3 ƙasa da sifili, kuma kai zaune kake ba motsi. Kaya hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai fitar da gumi. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta koma tsumma mai sanyi a ƙirjinka. Na tsakiya mai laushi mai riƙe ɗumi, na waje wanda iska da ruwa ba sa ratsawa. Wuya a rufe shi ruf, domin ta nan iska ke zurarawa har ciki. Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne cusa safa biyu uku a takalmi ɗaya har ya matse. Abin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafar ta fi yin sanyi. Haka safar hannu.

Hannu shi ke fara mutuwa, kuma da shi kake kama birki da kuloci. Akwai mariƙi mai ɗumi da ake sawa a kan babur, yana jan kamar amfiya 3 zuwa 4. A haɗa shi ta yadda zai mutu in an kashe makulli, in ba haka ba ka shiga shan shayi ka fito batir ya kwanta a ƙauyen da ba bakanike. Ƙaramin babur wutarsa kaɗan ce, kada ka haɗa masa mariƙi da riga mai ɗumi lokaci guda ba ka duba ƙarfinsa ba. Jakar hannun nan da masu kai saƙo ke ɗaurawa ba ta da kyan gani amma tana aiki, sai dai a duba kada iska ta danna ta a kan hannun birki. Duk minti 40 ka tsaya, ka sauka, ka taka, ka sha abu mai zafi daga fulas. Gwada haɗa babban yatsa da ƙaramin. In ya gagara, ba ka isa ka koma hanya ba tukuna. Rawar ɗari gargaɗi ce. In ta tsaya alhali ba ka ji ɗumi ba, ko ka ga kana shiga kwana a makare kana manta giyar da kake ciki, sanyin ya kai ƙwaƙwalwa, nemi ɗaki mai ɗumi. Matsalar mai tafiya shi kaɗai ke nan, ba wanda zai kalle shi ya ce kai malam, maganarka ta fara sarƙewa.

Babur ɗin kansa, dubawar minti goma ce da safe. Iskar taya a auna ta tun taya na sanyi, a bi abin da littafin babur ya ce, domin duk saukar digiri 5 ko 6 tana rage kusan psi ɗaya. Doka ta ce zanen taya kada ya gaza milimita 1, amma wanda zai shiga taɓon tarakta da milimita 1 bai so kansa ba. Taya tana daɗewa ba ta ɗau zafi ba a hunturu, mil na farko a bi ta a hankali. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 ko sama. Cen a sa masa mai, fitilu a goge. Gilashin hular kwano ya zama fari, baƙi ba shi da amfani da ƙarfe 3, kuma a sa masa Pinlock, ɗan gilashi na biyu da ake maƙalawa a ciki, saboda tururin numfashi, in babu a ɗaga shi kaɗan. Rana a nan ba ta hawa tsakiyar sama da hunturu, a gefe take rakuɓewa, in ka juyo kudu daga Aysgarth tana cikin idonka, jiƙaƙƙiyar kwalta kuma tana maido maka da ita. Tanki a cika shi tun daga Skipton ko Settle.

Sauran abubuwan hanya ba su da wuyar ganewa. Ƙarafunan da ake jerawa a kan rami don hana dabbobi tsallakawa, rage gudu tun kafin ka kai, ka hau su a miƙe ba birki. Tumaki suna fitowa lasar gishirin kwalta, kuma in ɗaya ta tsallaka ka jira ta biyun. Laka a ƙofar gona, ganyen da ya ruɓe, murfin ƙarfe, farin fenti, duk santsi ne. Inda hanya ta zama ta mota ɗaya, akwai wuraren kaucewa: in yana hagunka ka shiga, in yana damanka ka tsaya daidai da shi a naka gefen, mai tahowa ya shiga. Waya tana rasa sabis a cikin kwaruruka, saboda haka sauke taswira tun a gida, ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowa. Wayar a aljihun ciki za ta zauna, sanyi na shanye mata caji.

Salla ma sai an yi mata tsari. Azahar tana shiga da an gota sha biyu, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba kafin 4, biyun farko a cikin awannin tafiyar. Fita da alwala ya fi sauƙi. In ta kama a sake, a busar da hannu sarai kafin a mayar da shi cikin safa, jiƙaƙƙen hannu ba ya sake ɗumi a kan babur. Tsayawar Hawes ita ta fi dacewa da wannan.

Abin da ba ya cikin kowane lissafi shi ne shirun. Ka tsaya a Ribblehead, jirgi ya bi ta kan gadar, ka juya ka ce kai ka gani, ba kowa sai tumaki. Mahaya babur a nan suna gyaɗa wa juna kai in sun yi kiciɓis, ita ce gaisuwarsu gaba ɗaya. Da hunturu kusan kowa na gyaɗawa, don ba mu da yawa a hanya. Amma akwai masu manyan babura da in idonsu ya faɗa kan jan harafin sai wuyansu ya ƙage. Wannan yana yi mini zafi fiye da yadda ya kamata, ni da nake ganin yadda wasunsu ke shiga kwana kamar masu ɗauke da tiren ƙwai. Wani lokacin kuma in ka kai kan tudu, kwari ya buɗe a gabanka da katangunsa na dutse har iyakar gani, sai ka ji ai ba kowa ne ya zo ƙasar nan ya san tana da wannan fuskar ba. Da yawa cikinmu daga ɗaki sai wurin aiki sai tashar bas.

In an dawo, kafin a cire takalmi a wanke babur, da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana ƙara wa gishiri kaifi. Cikin mako guda yake sa cen da ƙusoshi da bututun hayaƙi su yi ja. A busar, a sa wa cen mai, a fesa maganin tsatsa irin ACF-50 a jikin ƙarfe, amma kada ya taɓa taya ko faifan birki.

Hotunan da ake turawa gida kuma nasu tsarin daban. Gada, tumaki, tudu, ban da babur. Hajiya in ta ji kalmar babur ba ta ƙara jin sauran bayanin, ba ruwanta da hular kwano ko inshora, tambayarta ɗaya ce: "Yanzu kai duk motocin ƙasar nan ba ka ga ta hawa ba?" Kawu kuma nasa ya fi ciwo, domin shi a wurinsa wanda ya tafi Turai aka gan shi a kan mashin, to abin bai karɓe shi ba ne yake ɓoyewa. Ta ina za ka fara yi masa bayanin cewa mutum yana fita cikin wannan sanyin ba don an aike shi ba, ba don kuɗi ba? Su Yaya sun fi sauƙi, su dai a turo na makarantar yara a kan lokaci. Autanmu ne kaɗai ya san komai, shi ma don yana da buƙata: "Yaya, hular nan taka nake so." Shi da yake yawo da mashin kai a buɗe, ai ko bai roƙa ba zan aika masa. Na ce ya sa a auna masa kai da tef ɗin tela, a zagayo ta saman gira da ɗan kaɗan, ya turo mini santimita nawa ne, don hular da ta yi yawa tana iya fita a faɗuwar farko. Ya turo mini hoton kansa ya ce in ƙiyasta.