Wai ni ce ba na magana

Lahadi, Granada, kudancin Sifaniya.

Sanyi ya hana ni leƙa waje da safe. Ta tagar kicin duwatsun Sierra Nevada fari tas, ƙanƙara ba ta da niyyar tafiya. Na buɗe littafin nahawun Sifaniyanci, na rufe.

Tsohuwa, matar da nake zaune a gidanta, ta tara 'ya'yanta cin abincin rana kamar kowace Lahadi. Kun san nan sai wajen ƙarfe uku ake zama. Malamarmu ta Sifaniyanci ta ce har da laifin agogo: tun 1940, zamanin mulkin Janar Franco, aka tura shi gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na Jamus, alhali ƙasar a layin Ingila take, kuma ba a mayar da shi ba har yau. Cikina dai babu ruwansa da tarihi. Shinkafa ce da kaza, kuma sai da Tsohuwa ta kawo mini kwalin romon ta ɗora yatsa a kan rubutun don in ga babu alade a ciki. Allah ya saka mata da alheri.

Babban ɗanta ya zo da surukarsa, wadda ban taɓa gani ba. Bayan sumbar kumatun nan da har yanzu ke daburta ni, Tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce mata, "Ga 'yata. Yarinyar kirki ce, ga kunya, ba ta magana sam." Matar ta kalle ni da tausayi, ta shafa mini hannu.

Ni? Ni da Umma ke cewa ko barci nake bakina bai hutawa? Ni da Yaya ke toshe kunne in na shigo ɗaki?

Na yi niyyar ƙaryata ta a teburin, wallahi na yi. Amma mutanen nan ba sa jiran kowa ya kai aya. Wannan na magana, wancan ya hau kansa, Tsohuwa na jefo tata daga kicin, kuma babu wanda ya ji haushi. Ga shi mutanen yankin nan na Andalus haɗiye ƙarshen kalma suke yi, ba irin Sifaniyancin Malama ba da take fito da kowane harafi a tsanake saboda mu. Suna ta kukan kuɗin haya, wai gidajen tsohuwar unguwar Albaisin duk an mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido. Sai wata ba'a mai daɗi ta faɗo mini. Kafin in nemo aikatau, in daidaita shi da lokaci, in tuna kalmar namiji ce ko mace, sun bar haya sun koma ƙwallo. Haka na haɗiye abata, na yi murmushi, na gyaɗa kai.

Abin da ya fi ci mini rai, Tsohuwa ba ƙarya ta yi ba. Wadda ta sani ke nan: mai gaisuwa, mai godiya, mai wanke kwanonta ta shige ɗaki. Ba ta san na iya gatse ba. Ba ta san ina da tsiya ba. Matakin B1, wato tsaka-tsakin iya harshe, da nake ta murnar kaiwa ya isa in sayi burodi, in yi wa likita bayani, in cike takardar zama, amma bai isa in tsokani mutum ba. Kuma ni a wurina, wanda ban tsokana ba bai san ni ba tukuna.

An kwashe kwanuka, aka kawo kofi, babu mai alamar tashi. Na fake da la'asar na sulale.

Ƙaramar jar bas zuwa Albaisin. Masallacin da aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon fadar Alhambra, kuma ya fi dandalin San Nikolas shiru nesa ba kusa ba. Da na fito na ci karo da Bajamushiyar da muke koyon Sifaniyanci tare. Na ba ta labari a gurguwar Sifaniyancinmu, wanda abin mamaki tsakaninmu yake gudu lafiya lau. Ta ce ai ni na gode Allah, masu gidanta sun ɗauka fushi take yi da su, har tambayarta suka yi ko abincin ne bai mata ba. Muka yi ta dariya har ana kallonmu.

Da dare na aika wa Yaya saƙon murya, na zazzage mata komai. Amsarta: "Ke dai ba ki canja ba, wa zai saurari wannan duka?" Ya kamata in ji sanyi. Sai ma na ji wani iri.

Aikin gida ko taɓawa ban yi ba, ga jarrabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci a watan Mayu, har da ta baka.

Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu sai na katse ɗan nan nata, ko da jimlar a karkace za ta fito. Na ma fara haɗa ta tun yanzu. Matsalar kawai, ban san a kan me za su yi gardama ba.