Ka Zo da Na'urarka, Ka Zo da Kunnenka

Duk wanda ya tsaya a bakin shagona da ke kasuwar waya ta Farm Centre ya ce, "Oga, ba ni iyafis mai bes," wato mai ƙugin sautin ƙasa, ba na miƙa hannu kan kanta sai na yi masa tambaya biyu: a jikin me za ka sa shi, kuma me kake saurare? Wasu sukan tsuke fuska, su ɗauka jan ciniki nake so. Wasu ma su yi gaba abinsu, don a layinmu ba a rasa mai miƙo maka leda ya karɓi kuɗi ko kai bai ɗago ba. Ni dai ba haka aka koya mini ba.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, ya ce masa, "Ga ɗanka nan, amana." Wata shida na yi ban taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina shara, goge kan kaset da auduga, da naɗe zaren kaset da biro idan rediyo ya tauna shi. Lokacin ana yayin Walkman, 'yar na'urar kaset ta aljihu. Kamfanin Sony ya fito da shi tun 1979, amma mu sai da ya sha hannu a Turai ya biyo kayan gwanjo ta Kwatano kafin ya iso aljihun samarin Kano. Abin da ya fi mutuwa a jikinsa shi ne hedfon ɗin nan mai soso, kuma shi ne aikin farko da maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, ya danƙa mini.

Ya ba ni igiyar da ta tsinke ya ce in haɗa. Na feɗe ta, na tarar da silin tagulla sirara kamar gashi, wani ja, wani kore, wani ruwan tagulla. Tun hantsi nake ɗiga dalma tana gangarewa kamar ruwa a bayan agwagwa, har aka kira la'asar. Yatsuna biyu sun tashi. Yana kallona bai ce uffan ba. Da ya ga na kusa kuka sai ya ƙyasta ashana, ya ɗan lasa wa bakin silin wuta, ya kankare da farce, ya ce in sake. Nan take dalma ta kama. Ashe wani siririn fenti ne a jikin kowane sili don kada su taɓa juna, kuma muddin bai ƙone ba, babu abin da zai liƙe. Bayan wannan sai ya koya mini abin da ya fi dalma wuya, wato saurare. Yakan sa ni in rufe ido, ya kunna kaset, ya ce in faɗa masa wane kunne ne ya fi rauni. In na yi kuskure, ranƙwashi.

A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, masu gyaran rediyo da yawa muka koma harkar waya. A shekarar ce kuma Apple ya fito da iPod da farin iyafis ɗinsa, ko da yake mu abin da ya cika kasuwarmu daga baya ƙananan MP3 ne 'yan China masu cin memori. Ana ta cewa waya za ta kashe su, ga shi har yau ina sayarwa. Masu hadda da iyayensu ba sa so su riƙe waya, ɗaliban makarantun kwana, teloli masu kwana kan keke gab da salla, matafiya masu tattalin cajin waya, duk suna zuwa. Iyafis ɗin da ke zuwa cikin kwalin waɗannan na'urori kuwa, in ka ga ya yi wata guda to ka yi sa'a.

Iyafis iri biyu ne. Akwai mai zama a ƙofar kunne, akwai mai shiga ciki da 'yar roba a bakinsa. Na biyun na fi sayarwa, kuma sirrinsa kaf yana cikin wannan 'yar robar da mutane ke rainawa. Idan ta toshe ramin kunne ruf, iska ba ta fita, sai sautin ƙasa ya cika, hayaniyar waje ta ragu. Idan ta bar ko 'yar kafa ce, iyafis ɗin da ya fi kowanne tsada zai yi maka ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Wani saurayi ya taɓa dawo mini da nagartaccen kaya yana huci, wai na cuce shi, babu bes ko kaɗan. Ban yi musu da shi ba. Na cire matsakaiciyar robar da ke kai, na sa babba, na ce ya ɗaga saman kunnensa da ɗaya hannun sannan ya tura. Da na kunna sai ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Oga, canza mini ka yi?" Shi ya sa nagari yake zuwa da roba kashi uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, mutane kuma su jefar da ledar tare da kwali. Na ga wanda kunnensa na dama babba yake ɗauka, na hagu matsakaiciya. Akwai kuma ta soso, wadda ake murzawa a tura ta kumbura a ciki. Ta fi toshe hayaniya, sai dai gumin bazarar Kano ba ya barin ta ta daɗe. Mata masu sawa a ƙarƙashin hijabi nakan zaɓa musu mai ƙaramin jiki wanda bai turo waje ba, don mai tsayi yana danna kunne, kafin awa guda ya fara zafi.

Maganar bes ɗin nan ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Masu yin jabu sun gane samari ƙugi suke so, sai su cika shi, domin ƙugi yana rufe kowane aibi. Ka sa a kunne ka ji dum-dum, ka ce ya yi, alhali muryar mai magana ta nutse kamar daga cikin randa yake yi. Ina da memori guda da nake gwaji da shi shekara da shekaru, abu uku ne a ciki. Na farko karatun Alƙur'ani ne wanda ba a sa masa amsa-kuwwa ba. Idan ban rarrabe sinun da sadun a ciki ba, ko wasu haruffan maƙogwaro suka cakuɗe, ba zan ba mai hadda wannan iyafis ba ko da kyauta ne, don kuskuren da ya shiga ta kunne fitar da shi aiki ne. Na biyu kalangu. Makaɗi yana matse tsirkiyar a hammata, muryar gangar tana hawa tana sauka kamar magana. Nagarin iyafis zai bi ta duk inda ta lanƙwasa, na banza kuwa ya mayar da ita bugu ɗaya. Na uku kukuma, don jin sautin sama. A jabu takan koma kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, ta soki kunne.

A cikin kowane kan iyafis 'yar sifika ce da yawanci faɗinta bai wuce milimita 6 zuwa 12 ba: maganaɗisu, naɗin tagulla, da wata leda siririya mai karkarwa kamar fatar ganga. Akwai wani nau'in mitsitsi da aka aro daga na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji, ya ƙware wajen fito da murya tas, kuma kamfanoni irin su KZ sukan haɗa nau'in biyu a kai ɗaya. Amma kada yawan da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Na sha fasa na jabu in tarar da sifika ɗaya ce ke da waya, sauran ado ne aka manna da gam. Na taɓa samun guntun ƙarfe a ciki, an sa shi kawai don ka ɗauka ka ji nauyi ka ce mai kyau ne.

Lambar da nake dubawa a kwali ita ce ta ohm, ma'aunin yadda iyafis ke tirje wa wutar da na'ura ke tura masa. Ƙaramar na'ura ba ta da ƙarfin turawa, don haka 16 ko 32 ne daidai da ita. Manyan hedfon na situdiyo masu 250, in ka sa su a 'yar MP3, ko ka ƙure ƙara sai ka ji kamar raɗa. Akwai kuma akasin haka: iyafis mai saurin ji ƙwarai yakan tono wani siii da ke cikin na'ura mai araha, musamman tsakanin aya da aya inda aka yi shiru. Laifin na na'urar ne, amma ni za a dawo wa. Dalilin da ya sa ke nan nake cewa a zo da ita a gwada a gabana.

Sai bakin da ake sokawa, mai milimita 3.5. Dubi zoben da ke jikinsa. Mai zobe biyu na sauraro ne zalla, mai uku yana da makirufo don waya. Na'urar kiɗa ba ta buƙatar makirufo, wasu ma ba sa shiri da mai ukun: za ka ji kiɗa amma murya ta yi nisa kamar daga rijiya, sai ka ɗan zaro bakin ko ka danne maɓallin amsa kira sannan ta dawo. Tsofaffin wayoyin Nokia ma tsarin zobensu ya saɓa da wanda aka fi bi yanzu, shi ya sa iyafis ɗinsu ke yin haka a wasu na'urori. Mai sa na'ura a aljihun gaban riga ya ɗauki mai lanƙwasasshen baki, miƙaƙƙe yana karyewa a wuya. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 kowa ya koma neman Bluetooth, ina kuma sayar da shi. Amma wanda yake jin rediyon FM a na'urarsa ya sani igiyar iyafis ita ce eriya. In babu ita babu tasha. Ga shi ba ta neman caji, a garin da wuta sai ta ga dama.

Igiya wuri uku take mutuwa: wuyan baki, mararrabar da ta rabu biyu, da gindin kunne. Nan nake lanƙwasawa in gani kafin in sari kaya. Wanda ke da hali nakan nuna masa mai igiyar cirewa, in ta lalace a sake wata, kawunan suna nan. Wanda nasa ya tsinke kuma ba na ce masa ya sayi sabo in dai kan nagari ne. Ina yanke bakin, in ƙona silin kamar yadda aka nuna mini, in liƙe, in sa robar da ke tsukewa da zafi, wani lokaci har da sifirin ɗin biro a wuyan don ya daina karyewa. Bakin da na ɗaura da hannuna yakan fi na kamfani daɗewa, wannan kam ba na jin kunyar faɗa.

Masu kawo kaya su ma sun koya mini hankali. Wani dila ya taɓa aiko mini da samfur guda biyar, na gwada, ba su da makusa. Da katan ya iso sai na tarar kusan kowanne kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Na kira, ya ce ai hanya ce ta jijjiga su. Dare uku ni da yarana muna zaune muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, abin da muka tsinta mai kyau bai cika leda ba. Wani maƙwabci ya ce in zuba su a faranti in ba masu talla, wa zai gane? Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun daga ranar babu iyafis da ke hawa kantata sai an buɗe shi an saurara. Kwali ba shaida ba ne, masu kwaikwayo sun iya buga sunan Sony ko Oraimo har ya fi na asali sheƙi.

Duk da haka sai mutum ya zo ya ce, "Haba Alhaji, igiya ce fa kawai! Can baya ana ba da uku a kuɗin nan." In ce masa Allah ya ba da sa'a. Bayan sati biyu ka gan shi da guda a hannu, kunne ɗaya ya mutu, yana tambaya ko ana gyarawa. Irin wannan ba ya gyaruwa, silin da ke ciki bai fi a ƙirga da yatsu ba. Araha ba ta ado.

Ba kowane mataccen kunne ne matacce ba kuwa. Sau da yawa dauɗar kunne ce da ƙurar hunturu suka toshe 'yar ragar da ke baki. A cire robar a wanke ta da ruwa da sabulu, a kifa kan ƙasa a goge ragar da busasshen tsohon buroshin haƙori. Allura kam a'a, tana huda ragar ta tura dattin ciki.

Kunnena na hagu yana yi mini ƙara da daddare, sakamakon shekarun da na yi ina ƙure sauti wajen gwaji, don haka ba na gajiya da yi wa yara faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80 na ma'aunin ƙarfin sauti, kuma da an ƙara ƙarfi lokacin raguwa yake yi sosai. Robar da ta zauna daidai tana taimakawa a nan, tunda ba sai ka yi gasa da janareton maƙwabta ba. 'Yan adaidaita sahu da masu babur kuwa kai tsaye nake gaya musu: mai toshe kunne ba na kan titi ba ne, in ya zama dole a sa ɗaya a bar ɗaya.

Jiya wani dattijo ya zo da jikarsa da 'yar na'urarta ta hadda a ɗaure cikin hankici. Sai da muka gwada huɗu, ƙaramar roba ma ta yi mata yawa, na shiga ciki na lalubo wata da ta fi ta ƙanƙanta a cikin gwangwanin da nake tara su. Na ce, "Baba, wannan za a ɗauka, ba mai tsadar ba." Ya ce in ƙara masa roba biyu saboda ƙannenta ba sa barin komai. Shago a buɗe yake kullum daga ƙarfe tara har magariba, ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci. Mai zuwa ya yi wa na'urarsa caji tun daga gida, kada mu tsaya jiran wuta.