Godiya ga duk wanda ya tsaya muna a jinyar ƙanwata

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi mun dawo Tawa lahiya daga Yamai, an cire ma ƙanwata sondin da anka sa mata ta hanci, yanzu da bakinta take ci.

Da yawa kun tambaye ni mi ke damunta, har wasu na cewa sammu ne ko iska. Ba ko ɗaya. Bayan an yi mata IRM, wato hoton ƙwaƙwalwa, likitan jijiya ya ce sclérose en plaques ce, su suna ce mata SEP. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi cikin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar kuran da kusu ya ci robarta, saƙo ba ya isa daidai. Ta hi kama mata, yawanci ƴan shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarta wajen wani, don haka kar kowa ya ji tsoron zama kusa da ita.

Ƙafa da ido sun daɗe suna ba ta wahala, amma haɗiya ce ta tada muna hankali. Ruwan randa dai wanga da kowa ke sha, ta kurɓa sai ta ƙware, tari har hawaye, murya ta dishe tana gurgura, tun tana daurewa har ta koma in ta ga kwano sai ta kau da kai, ta rame, daga baya zazzaɓi ya rufe ta ashe abinci ne ke bin hanyar iska yana sauka huhu.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga madam ortofonis ce, mai koyar da magana da haɗiya. Wallahi baiwar Allah nan ta yi haƙuri. Sai ta ɗora yatsunta bisa maƙogwaron yarinyar tana jin yadda yake hawa yana sauka, ta ce "ƙanwata sannu, sake haɗiyewa, kar ki yi sauri", cokali guda sai ya ɗauki lokacin da wani zai cinye kwano amma ba ta taɓa ɓata rai ba. Ita ta koya muna a zaunar da ita miƙe, ta sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, ƙaramin cokali, loma guda haɗiya biyu, ba hira ba tele, in ta gama ta zauna minti 30 kahin ta kwanta, sannan a wanke baki sosai. Ta ce tsinkakken ruwa ya hi komi gudu cikin maƙogwaro, shi ya sa munka koma kunu mai kauri da hura da nono a dama a tace, ba gudaji. Dambu, garin rogo, gujiya da kilishi duk an dakatar. Amma ta ja kunnenmu, kowane marar lahiya da nashi tsari, sai an duba shi, kar wani ya karanta nan ya tahi ya gwada ma nashi.

Likitoci da infirmiye masu kwana tsaye, da mai kine da ke tada ta kullum, mun gode. Kawu da Gwaggo da sunka ba mu ɗaki a Yamai har da kai abinci asibiti safe da yamma, Allah ya bar zumunci. Malaman lakwal abokan aikinta sun haɗa kuɗi ba tare da mun roƙa ba, su sunka biya muna ordonansi. Da direban da ya bi da mu sannu tun daga Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni har gida, sama da kilomita 500 bai ƙosa da tsaye-tsayenmu ba. Inna kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba.

Ciwon bai da maganin warkewa tukuna, sai na rage tashinshi, akwai randebu gaba, ku ci gaba da sa ta addu'a. Masu zuwa gaisuwa don Allah ku zo da hantsi, zahin rana na ƙara mata kasala sosai, kuma ko ta roƙe ku kar ku miƙa mata ruwan leda, ku kira ni ko Inna. Allah ya saka ma kowa da alheri, ya ba marasa lahiyarmu sauƙi, amin.