Asabar: mun zauna lissafin zuwa Burunai

Yau ba ni da aiki a asibiti, don haka da na sallami yara zuwa Islamiyya sai na ɗauko littafin da nake rubuta kuɗin adashe, muka zauna da Abban yara a kan maganar hutun nan da muke ta ɗagawa. Shi Malesiya yake so, saboda abokansa da suka yi karatu a can. Ni kuwa tun ranar da na ga hoton masallacin Omar Ali Saifuddien, da ƙubbarsa ta zinare da ruwan da ya kewaye shi, raina ya tsaya a Burunai.

Ya ce, "Maman yara, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, me za mu gani a cikinta?"

Na ce ai ƙanƙantar tata ce ta ja ni. Ba na son hutun da za mu ƙare a guje daga wannan gari zuwa wancan, mu dawo gida a gajiye. Burunai tana gaɓar arewacin tsibirin Borniyo, faɗinta murabba'in kilomita 5,765 ne kawai, kuma wani yanki na jihar Sarawak ta Malesiya ya ratsa ya raba ta biyu. A da sai an shiga jirgin ruwa ko an keta ta Malesiya kafin a isa ɗaya ɓangaren, Temburong, amma a 2020 an buɗe gada mai tsawon kusan kilomita 30 da ta haɗa su. A can ne dajin Ulu Temburong yake, inda ake shiga dogon kwalekwale a bi kogi, sannan a hau wata matakalar ƙarfe har a wuce saman bishiyoyi. Wannan kam saboda babban yaronmu na sa shi a jerin.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ba zan riƙa tambayar mai abinci yadda aka yanka kaza ba, ba kuma za mu yi ta neman lungun da za mu yi salla ba. Ba a sayar da giya a ƙasar. Ranar Juma'a shaguna da gidajen abinci suna rufewa daga sha biyu zuwa biyu na rana. Shafi'iyya suke bi, don haka zan faɗa wa yara tun daga gida kada su yi mamaki idan sun ga ɗan bambanci a salla. Allunan tituna ma har da rubutun Jawi, wato ajaminsu, wanda duk mai karatun allo zai iya haɗa baƙaƙensa ko da bai san harshen Malay ba.

Na daɗe ina kallon hotunan Kampong Ayer, unguwar da aka gina a kan turaku cikin Kogin Burunai, daura da babban birnin Bandar Seri Begawan. Gidaje, makarantu, masallatai, duk a kan ruwa, ana haɗa su da gadojin katako, kwalekwale mai inji kuma shi ne tasi. Turawan ayarin Magellan, waɗanda suka fara zagaya duniya a jirgin ruwa, sun tarar da garin a haka tun 1521. Ina so 'yata ta ga yara sa'anninta suna tafiya makaranta a kan ruwa. Daga nan ne ake ɗaukar jirgi da yamma a je ganin biran nan masu dogon hanci, waɗanda a Borniyo kaɗai ake samunsu.

Abinci ba zai cinye mana kuɗi ba. Akwai nasi katok, shinkafa da soyayyar kaza da miyar barkono, mai arha ƙwarai, ga kasuwar dare ta Gadong. Ambuyat ɗinsu kuwa sitacin bishiyar sago ne, yana da danƙo kamar kokon da ya yi kauri, ana naɗe shi a tsinken gora a tsoma a miya a haɗiye. Kuɗin jirgi ne babban nauyi. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya. Sai mun bi ta Doha ko Adis Ababa zuwa Kuala Lumpur ko Singafo, mu sake hawa wani. Dalar Burunai darajarta ɗaya da ta Singafo, kuma suna gabanmu da awa bakwai.

Inda muka tsaya cak shi ne lokaci. Ruwan sama ya fi yawa daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, ya lafa daga Fabrairu zuwa Afrilu, ga ƙaramar salla a Maris za ta faɗo. A hidimar sallar ne kaɗai ake buɗe fadar Istana Nurul Iman mai ɗakuna 1,788 ga jama'a na kwana uku: a ciyar da kowa, maza su gaisa da Sarki Hassanal Bolkiah, wanda ke kan gado tun 1967, mata su gaisa da sarauniya. Ina son ganin wannan sosai. Amma hakan na nufin salla ba a gida ba, alhali ba mu taɓa yin salla ba mu kai wa Hajiya tuwo da jikokinta ba.

Bayan la'asar muka je wurinta. Na durƙusa na gaishe ta, Abban yara ya kawo maganar a hankali. Ta tambaya, "Musulmi ne a can?" Ya ce ƙwarai kuwa, Hajiya. Ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, ku je, Allah ya kiyaye hanya. Sai dai ku bar min auta, ba za a kai min shi wata uwa duniya da azumi a baki ba."

Mun amince da haka. Ranar Litinin zan nemi izinin fita da wuri in je sabunta fasfon 'yata da ya ƙare, in kuma duba katin rigakafin shawara na kowa, don ana nemansa ga mai zuwa daga Najeriya. Shi kuma Abban yara zai bi maganar biza.