Daga Bauchi zuwa Gombe a Fijon Kawu

Ɗaurin auren ƙaninmu ne ya tashe mu daga Bauchi ranar Asabar, bayan sallar asuba. Mota biyu muka yi. Yaya ya kwashi dattawa a tasa, 'yar Kwatano da ya saya bara, baƙa wuluk tana sheƙi. Ni kuwa Kawu ya ce in shiga tasa in riƙe masa goro da alewa. Motar Kawu Peugeot 504 ce doguwa, haɗin Kaduna, wadda kowa a gida yake kira Fijo. Ina firamare ya saye ta, yau ga shi ina da 'ya'ya uku.

Mun sayi masa mai zafi a bakin hanya, muka hau titin Gombe. Damina ta zauna, duwatsu sun yi kore, gero da dawa sun kai ƙugu. Yaya ya wuce mu fuu tun kafin mu bar gari. Kawu bai ƙara wuta ba, yana ta jan carbinsa.

A Dindima, inda ake ratsewa zuwa Yankari, muka haye gadar kogin Gongola, ruwa ya cika jajawur. Daga nan ramuka suka fara yawa, a nan kuma na gane abin da direbobin da suke nufi idan suna yabon Fijo. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tayar baya ke tura ta, idan ta faɗa rami sai ta yi lilo ta miƙe, ba ka jin ƙarfe ya daki ƙarfe.

"Kawu, wai me ya hana ta tsufa?" na tambaye shi.

"Ta tsufa mana, ɗana. Sau biyu ina sauke injinta. Amma duk abin da ya lalace a jikinta, akwai wanda ya san shi, akwai kuma inda ake sayar da shi."

Sai ya shiga ba ni tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can shekaru da dama bayan Faransa ta daina. A zamanin, motar ofis Fijo ce, motar haya Fijo ce. Legas na haɗa Volkswagen, Inugu na haɗa manyan motocin Mercedes, mu nan Bauchi muna da Steyr, mai tarakta da manyan motoci. Da ya ambaci Steyr sai muryarsa ta sauya. Abokansa da yawa a can suka koyi aikin ƙarfe, da albashin wurin suka yi aure suka gina gida. Ya yi shiru mai tsawo, ni ma ban ce uffan ba, don abin yana ci mini rai: garin da ya taɓa haɗa tarakta, yau ko fulogi sai an kawo masa daga ƙetare.

Dab da Alkaleri muka hango motar Yaya a gefen titi, bonet a buɗe, dattawa sun fake a inuwar bishiya. Wata fitila ce ta kama a gaban direba, motar ta rage gudu da kanta, sannan ta mutu. Aka ɗauko bakanike a kan babur. Yaron ya san aikinsa, ya duba batir, ya duba mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya goge hannu ya ce, "Alhaji, gaskiya wannan sai an sa mata kwamfuta. Ko an gano matsalar ma, kayanta sai Kano ko Jos." Yana juyowa ya ga Fijo, sai fuskarsa ta washe, ya ce a kan irinta ubangidansa ya koya masa kwance kabureta.

Ba na cikin masu cewa duk motar waje ba ta da ƙarko. Ga Toyota Hiace nan, bas-bas ɗin Gombe Line da Yankari Express suna zirga-zirga a kan wannan titin kullum, ga Corolla da Golf da suka yi shekara ashirin suna aiki, domin kayan gyaransu sun cika kasuwa kuma hannun bakanikenmu ya saba da su. Abin da na ƙi shi ne yadda muke sayen mota saboda sheƙinta, motar da ta riga ta ci rabin rayuwarta a Turai ko Amurka, an ƙera ta don titi mai santsi da mai mai tsabta, ba mu tambayi ko akwai mai iya taɓa ta tsakanin Bauchi da Gombe ba. Na gida ma wannan awon zan yi musu. Innoson na haɗa motoci a Nnewi tun 2010, ina kuma yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, amma sai ranar da na ga kayan gyaransu a shagon Alkaleri zan ce sun kama hanyar Fijo.

Lokaci na ƙurewa, ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura. Muka bar motar Yaya a hannun bakaniken, dattawa uku suka dawo Fijo, ni da Yaya muka koma kujerar can baya, kwandon goro a cinyata. Ta ɗauke mu ba gardama, muka wuce Bara, muka gangara Gombe da saura minti ashirin. Waliyyin ango, wanda da ba don ita ba da yana can ƙarƙashin bishiya, daga cikinta ya fito ya gyara babbar rigarsa ya shiga masallaci.

Washegari aka turo janwe daga Bauchi ya ɗauki motar Yaya. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gareji tana jiran kaya daga Kano. Mu kuwa da la'asar muka juyo. Kafin mu tashi Kawu ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya ƙara ruwa a lagireto, ya ce, "Bismillah, ɗana, shiga mu tafi kada dare ya yi mana a Dindima."