V-boot ɗin Alhaji ta ban mamaki yau

Jama'a ashe tsohuwar Marsandin nan atomatik da giya ta 2 take tashi? Kullum ina ce mata raguwa. Yau a hanyar Zariya na zo wuce wata tirela na danne totur har ƙasa, sai na ji wani ɗan maɓalli ya yi ƙas a ƙarƙashin ƙafata, nan take ta sauko daga ta 4 zuwa ta 3, inji ya ɗau kuka ta riƙe giyar taƙi saki sai da allura ta kusa jan layi sannan ta canza, har bayana ya manne da kujera wallahi. Makanikina yace wayar dake tsakanin totur da giyabos ce ke gaya mata lokacin canji, in ta saki sai ta dinga canzawa da wuri. Man da ta sha dai kar ku tambaya.